Jerin Takardun Yaya Uwani

A jakar leda ta kawo min su
shagona na Samaru, wuta ta dawo ke nan.
Ta ce, "Sallau, jera min su shekara-shekara,
kwamitin ƙarin girma zai zauna Litinin."

Talatin da bakwai na ƙirga.
A goshin kowacce, U. Dalhatu.
Ƙugiyar sunan Baba ta maƙale a hanya,
can tsakanin Shika da ƙasashen da ake buga mujallun.

Ta farko siririya ce, shafi huɗu,
sunanta na biyar a layi, kamar mai jiran awo.
Na tuna shekarar. Fararen ɓeraye sittin,
ita ke zuba musu abinci da hannunta,
ta dawo gida da warinsu a mayafi
har Inna ta hana ta taɓa muciya.

Na ce, "Yaya, wai me hanji ya sani?"
Ta cire tabarau tana dariya.
"Kai ka ɗauka bututu ne kawai.
Yana da 'yan aike. Loma na sauka,
ɗaya ya ruga ta cikin jini:
baƙo ya iso, a fito da insulin.
Wani ya haura sama ya raɗa wa ƙwaƙwalwa:
ya isa haka, a janye hannu daga kwano.
A jikin mai ciwon suga
ko ɗan aiken ya dishe,
ko masu gidan sun toshe kunne.
Shekara ashirin ina laɓe in ji wanne ne."

Ta tara: mata tamanin daga Tudun Wada da Jushi,
sun zo da sassafe ba su karya ba.
Wasu tuwon dawa, wasu farar shinkafa,
ana ɗibar jini duk rabin awa.
Takardar lambobi ta ba su.
Ni na san ɗaya, Iya Ladidi mai ƙosai,
wadda ta ce tunda tuwon kyauta ne
a ɗiba, amma a rage mata na komawa gida.

Sai na iso inda jerin ya yi giɓi.
Shekara biyu, ko layi ɗaya babu.

Nan ne firiza ta kwana uku ba wuta,
jinin mutum ɗari biyu ya narke ya lalace.
Nan ne ƙusa ta soki Baba a diddige
ya yi sallar la'asar bai ji ba.
Ita ke wanke gyambon da asuba,
ta san sunan kowane sinadarin da ya juya masa baya.
Yatsa ya tafi, ƙafa ta bi,
sannan muka raka sauran.

Na ce, "In sa wani bayani a nan?"
Ta ce, "Bar shi fari.
Su ƙirga abin da suka iya ƙirgawa."

Bayan giɓin suka zubo kamar ruwan Agusta,
huɗu a shekara guda.
Sunanta ya dawo farko, daga baya ya koma can ƙarshe,
inda ta ce manya ke zama su bar wa ɗalibai gaba.
Ta talatin da ɗaya, mutum ɗari da sha biyu suka ambace ta,
har da wani daga garin da harshena ya kasa furtawa.
Ta sha huɗu, a kan furar gero, wadda ta fi so,
ambato biyu kacal ta samu,
ɗayan ma ita ce ta ambaci kanta.

Injin ya tofo shafi uku masu ɗumi.
Rayuwar Yaya ke nan, na danne ta da fil ɗaya.
Ta miƙo kuɗi, na ce haba.

Har ta kai ƙofa ta juyo.
Ta dubi kwalaben lemo uku a gindin teburina,
ta dubi butar da nake ta zarya da ita tun safe,
ta dube ni.

"Gobe kar ka karya," in ji ta.
"Ƙarfe bakwai, ka same ni a Shika."